Daga Ganga Zuwa Faifai: Tarihin Birki a Titunan Accra

Idan ana hirar tsofaffin motoci, inji ake yabo, birki kuwa sai ranar da ya ƙi ci ake tunawa da shi. Amma wanda ya san cunkoson Kasuwar Makola, inda mai tura baro da mai dakon kaya da direba ke rabon titi ɗaya, ya san tsayawa ta fi gudu daraja.

An gina Makola a 1924, lokacin da lori ke karɓe aikin dako a ƙasar da ake kira Gold Coast. Fatake Hausawa sun riga motar zuwa, don tun kafin nan suna zaune a unguwar da ake kira Zongo Lane, dab da kasuwar, suna cinikin goro da dabbobi. Daga baya aka samu Sabon Zongo da Nima da Maamobi. Motar da ta fi yi wa wannan jama'a hidima ita ce Bedford ta Ingila, wadda aka fara ƙerawa a 1931. Inji da gindin mota ake kawowa, kafintocin gida su ɗora bodin katako, a jera benci, a rubuta kirari a goshi. Da irinta aka fara jigilar da ake kira trotro, sunan da ya fito daga kalmar kuɗin mota, kwabo uku, a harshen Ga.

Waɗannan motoci birkin ganga gare su. Wato ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya, a cikinta akwai takalma biyu da ke buɗewa su matse ta idan direba ya taka. Louis Renault na Faransa ne ya fito da wannan tsari a 1902. Yana da araha, kuma ba ya neman ƙarfin ƙafa sosai. Aibinsa zafi. Tunda a rufe yake, zafin ba ya fita da wuri, ganga ta buɗe, takalmi ya rage kamu. Direban da ya gangaro daga tsaunin Aburi da lodi, ƙafarsa a kan birki tun daga sama, kafin ya iso ƙasa sai ya ji yana takawa mota tana tafiya. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka da ƙaramar giya, yaron mota kuma yana riƙe da katakon da zai cusa a ƙarƙashin taya.

Abin mamaki, maganin ya zo shekara ɗaya da ciwon. A 1902 ɗin ne Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila, inda ake matse faifan ƙarfe ta gefe biyu, iska tana hura shi. Sai dai kayan wancan zamani ba su jure ba, aka ajiye dabarar. Ta dawo a 1953, da motar Jaguar mai birkin Dunlop ta lashe tseren sa'a 24 na Le Mans. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a tayoyin gaba. Mu kuwa Peugeot, wato Fijo, ta fi kawo mana shi: 404 ta fara a 1960 da ganga, 504 ta 1968 ta zo da faifai a duk ƙafa huɗu, ban da doguwar mai ɗaukar fasinja, wadda aka bar wa ganga a baya. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa Fijo a Kaduna.

Shekarun 1970 sun koya wa kanikawan Ghana aikin dole. Ranar 4 ga Agusta 1974 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, shekara biyu bayan Najeriya, kuma mai son mayar da sitiyari hagu dole ya matsar da matakin birki da bututun mai. Sannan tattalin arziki ya durƙushe, kayan gyara suka yi wuya. A Agustan 1979 sojoji suka rushe Makola bisa zargin ɓoye kaya, filin ya zama wurin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park. A irin wannan hali aka goge wajen ɗauko kayan wata mota a dasa wa wata, sana'ar da har gobe take ci a Abossey Okai ta Accra da Suame Magazine ta Kumasi.

Saboda haka mai tsohuwar Fijo ko Benz da ke son sauya birkin gaba zuwa faifai zai samu mai yi masa. Ribar a fili take: faifai yana saurin hucewa, yana watsar da ruwa a damina, kuma yana daidaita kansa idan ya ci. Amma birki jiki ɗaya ne. Faifai yana neman matsi fiye da ganga, don haka sau da yawa sai an sauya babban famfon man birki, an ƙara tukunyar da ke taimaka wa ƙafar direba. Idan ba a daidaita gaba da baya ba, tayoyin baya na iya kullewa mota ta juya. Ƙarfen da ke riƙe matsen ba wurin waldar ganin dama ba ne. Man birki kuma yana shan raɓa, a gari mai gumi irin Accra ya kan tafasa da wuri idan ya tsufa.

Akwai kuma abin da faifai ba ya gyarawa: lodin da ya wuce kima, da taya mai sanƙo, da gudu. Tun 1999 hukumar DVLA ke da alhakin duba lafiyar motoci a Ghana, amma takarda ba ta tsayar da mota. An ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma gaskiya ne tsohuwar mota tana da sauran amfani. Sharaɗin shi ne a gwada sabon birkinta a fili babu kowa, da kaya da babu kaya, kafin a shigar da ita cikin jama'ar Makola.