Littafin Alheri a Hannun Wanda Ya Gama Jami'a

A Amurka, watannin Mayu da Yuni su ne lokacin bikin yaye ɗalibai, kuma masu buga littattafai sun daɗe da gane cewa kaka ce ta ciniki. Iyaye da kawunnai suna neman abin da za su miƙa wa yaron da ya sa rigar digiri, sai aka samar musu da wani nau'in littafi na musamman: ƙarami, mai kyan bango, wanda za a iya karance shi kafin shayi ya huce. Yawancinsu jawabai ne da wani shahararre ya yi a dandalin yaye ɗalibai, daga baya aka mai da su littafi. Jawabin David Foster Wallace a Kwalejin Kenyon a 2005 ya fito a 2009 da sunan This Is Water. Na J.K. Rowling a Harvard a 2008 ya fito a 2015. Galibin irin waɗannan littattafai suna zuga matashi ne ya yi buri, ya jure faɗuwa, ya kai inda yake so. Akwai ɗaya da ya saɓa musu, shi ne abin nazarinmu.

George Saunders marubucin gajerun labarai ne kuma malami a Jami'ar Syracuse da ke jihar New York. Asalin karatunsa injiniyancin binciken ƙarƙashin ƙasa ne, har ya yi aiki da masu neman man fetur a tsibirin Sumatra kafin ya koma adabi. A 2017 ya ci kyautar adabi ta Booker. A watan Mayun 2013 ya yi wa ɗaliban jami'arsa jawabin bankwana. Bayan 'yan watanni jaridar New York Times ta sa shi a intanet, ya bazu ƙwarai, sannan a 2014 kamfanin Random House ya buga shi da sunan Congratulations, by the way.

Jigon jawabin nadama ce. Saunders ya lissafa wahalhalun da ya sha, da talauci, da aikin mahauta, da doguwar jinyar da ya yi bayan ya yi wanka a wani gurɓataccen kogi a Sumatra, ya ce duk ba su dame shi ba. Abin da ke cin ransa wata yarinya ce da aka kawo ajinsu suna yara, mai kunya, wadda 'yan aji suka riƙa tsokana ko su yi kamar ba ta nan, har iyayenta suka tashi daga unguwar. Shi bai zage ta ba, har ma yakan ɗan kare ta jefi-jefi. Amma shekaru 42 bayan haka bai daina tunaninta ba.

A nan darajar littafin take, a ganina. Bai yi magana da azzalumi ba, domin azzalumi ba ya karanta irin wannan littafi ya ga kansa a ciki. Ya yi magana da mutumin da kowa zai shaide shi da kirki: wanda bai cuci kowa ba, ya ga ana wulaƙanta wani, ransa ya sosu, ya yi ɗan abin da ba zai jawo masa magana ba, ya wuce. Mafi yawanmu a wannan sahu muke. Kuma wanda ya gama jami'a yana gab da zama a bayan tebur, inda takardar wani za ta kwana ko ta wuce da sa hannunsa, inda majinyaci zai jira ko a duba shi. Cutarwar da mai ilimi ke yi a ofis ba kasafai take zuwa da ihu ko mari ba. Ƙin ɗaga kai ne a kalli wanda ke tsaye.

Sai dai tambayar da ta wajaba a kan mai nazari ita ce: shin karanta littafi a kan alheri yana sa mutum ya yi alheri? Hujjar da ke hannu ba ta goyi bayan mai kyautar sosai ba. A 1973 John Darley da Daniel Batson sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton. An ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya gabatar da gajeren jawabi. Wasu an ba su batun ayyukan da suka dace da mai irin karatunsu, wasu kuma labarin Basamariyen nan na cikin Linjila wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka jikkata. A kan hanya an ajiye wani mutum a zube, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun taimaka. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Batun jawabin da ke kan ɗalibi kuwa bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba. Mutum yana tafe yana bitar labarin taimakon wanda ya faɗi, ya ratse wanda ya faɗi a gabansa.

Mutum 40 ne kawai aka auna, don haka bai kamata a ɗora wa gwajin kayan da suka fi ƙarfinsa ba. Amma ya nuna abin da hankali ma zai karɓa: ba rashin sanin falalar alheri ke hana shi ba, gaggawa ce da tsoron makara. To wa ya koya wa ɗalibi gaggawar? Makarantar da ke yaye shi. A 2014 wani shiri na tsangayar ilimi ta Harvard mai suna Making Caring Common ya tambayi 'yan makaranta kusan 10,000 abin da ya fi muhimmanci a wurinsu. Kusan kashi 80 cikin 100 suka zaɓi cin nasara ko jin daɗin kansu, kusan kashi 20 suka zaɓi kula da wasu, kuma mafi yawansu suna ganin iyayensu ma nasarar suka fi so. Wani bincike da Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya gano cewa tausayin ɗaliban likitanci a Kwalejin Jefferson ta Philadelphia ya ragu sosai a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara hulɗa da marasa lafiya. Shekara huɗu ko shida ana jera sunaye bisa maki, ana yaba wanda ya riga kowa, sannan a ranar ƙarshe a zo da 'yan shafuka a ce a yi tausayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saunders da kansa bai jahilci wannan ba. Ya yi gargaɗin cewa neman nasara ba ya ƙarewa, yana iya cinye rayuwa gaba ɗaya kafin mutum ya waiwayi manyan tambayoyi. Inda na rabu da shi shi ne fatansa cewa shekaru suna tausasa zuciya da kansu, aikin matashi kawai ya hanzarta abin da zai zo. Wasu tsufa yana tausasa su. Wasu kuma muƙami da sabo da ganin wahalar mutane suna busar da su, kuma binciken Jefferson ya nuna bushewar tana iya farawa tun mutum bai kai talatin ba.

Ba Amurkawa suka fara ba wa mai kammala karatu littafin nasiha ba. Almajiran zaure a ƙasar Hausa sun san Ayyuhal Walad na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Wasiƙa ce ga wani ɗalibi da ya daɗe yana karatu, ya tara fannoni, sannan ya rubuto wa malaminsa yana tambayar wanne ne zai amfane shi. Amsar ta tsaya a kan cewa ilimin da ba a aiki da shi ba ya tsirar da mai shi. Abin lura shi ne yadda littafin ya samu: ɗalibin ne ya nema, kuma wanda ya amsa ya san shi. Littafin da aka saya a kanti aka naɗe a takarda mai sheƙi ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan, sai idan mai bayarwa ya cike gurbin da kansa. Shi ya sa nake ganin kyautar ta fi hawa kan mai ba da ita. Kawun da ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa littafin alheri ya ba yaron ma'aunin da zai auna shi da shi, ranar da zai ga yadda kawu yake magana da direbansa ko mai gadinsa. Idan ma'aunin ya yi daidai, littafin zai zauna. Haka kuma idan bayan shekara biyu kawun ya kira ya tambayi yadda yaron yake yi da na ƙasa da shi a wurin aiki, ba albashinsa kaɗai ba.

Akwai wani haɗari kuma da jawabin Syracuse bai taɓo ba, wanda ya fi shafar mai karatu a Nijeriya ko Nijar. A ofisoshinmu alheri yakan rikiɗe ya koma alfarma. Ma'aikaci ya tsallake mutum ashirin a layi ya sallami ɗan garinsu, a gida a yabe shi da zumunci. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a laccar da aka buga a 1974, ya jera karamci tare da gaskiya, amana da adalci. Matashin da aka ce masa ya yi alheri, ba a gaya masa wa zai yi wa ba, zai yi wa wanda ya sani. Yarinyar da ke cikin labarin Saunders kuwa baƙuwa ce, ba ta da kowa a ajin, kuma duk nauyin labarin a kan wannan yake.

Jami'o'in Nijeriya suna shelanta a ranar yaye ɗalibai cewa an sami waɗanda aka yaye sun cancanta a ɗabi'a da kuma ilimi, har ma ɗabi'ar ake ambata da farko. Ilimin yana da jarrabawa, da maki, da mai duba jarrabawa daga waje. Ɗabi'ar kuwa, a aikace, ma'anarta ba a kama ɗalibi da satar amsa ko shiga ƙungiyar asiri ba. Wannan shi ne daidai matsayin da Saunders ya ce ya tsaya a kai yana yaro, kuma bai ishe shi ba. Jami'ar da ke son shaidarta ta zama gaskiya tana iya farawa da abin da ke hannunta: yawan majinyatan da ake ɗora wa ɗalibin likita a yini ɗaya, yadda malami ke amsa wa ɗalibin da ya zo duba sakamakonsa, da watannin da ma'aikacin rajista ke sa tsohon ɗalibi ya yi yana zarya kafin a ba shi takardar shaidarsa.