Ranar da Jamus ta ɗaga kai a birnin Bern

Ma'abota tarihi, in suna lissafin ranakun da al'ummar Jamus ta farfaɗo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, galibi sukan ambaci sauyin kuɗi na 1948 da kafa Jamhuriyar Tarayya a 1949. Amma talakan ƙasar, wanda takardun hukuma ba su dame shi ba, in aka tambaye shi sai ya ce ran 4 ga Yuli, 1954, watau ranar da 'yan ƙwallon Jamus ta Yamma suka ci Hangari 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, a filin Wankdorf na birnin Bern, ƙasar Siwizalan.

A lokacin shekara tara ke nan da ƙare yaƙi, ƙasa tana rabe biyu, dubban fursunoninta suna tsare a hannun Rasha, kuma ta'asar da mulkin Hitler ya tafka ta bar wa Bajamushe ƙasƙancin da ko gasar cin kofin duniya ta 1950 ba a yarje masa shiga ba. Su kuwa Hangari, shekara huɗu ba wanda ya kai bayansu ƙasa: sun ɗauki zinariyar Olamfik a 1952, sun je har Wembley sun lallasa Ingila 6 da 3, sa'an nan a cikin wannan gasa ta 1954 kanta sun riga sun zura wa Jamus ƙwallo 8, ita tana da 3.

Sai dai wannan kaye akwai tadbiri a cikinsa, domin mai horad da Jamusawa, Sepp Herberger, da ya tabbata ko an ci shi akwai sauran hanya, sai ya ɓoye da yawa daga manyan 'yan wasansa, ya haƙura da zagin jaridu. Ran wasan ƙarshe kuma aka tashi da ruwan sama, abin da kyaftin ɗinsa Fritz Walter yake so, saboda zazzaɓin cizon sauro da ya kamu da shi a yaƙi ya sa ba ya jimirin zafi. Ga shi kuma Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, ya tanadar musu takalma masu ƙusoshin da ake kwancewa a ɗaura dogaye in fili ya yi taɓo.

Duk da haka, minti 8 da farawa Puskás da Czibor sun riga sun ci wa Hangari biyu. Morlock ya farke wa Jamus ɗaya, Helmut Rahn ya farke ta biyu a minti na 18, daga nan Hangari suka yi ta kai farmaki, ƙwallo tana dukan turke, mai tsaron gida Toni Turek yana turewa, har minti na 84, sa'ad da Rahn ya yanke da ƙafar hagu ya jefa ta uku. Puskás ya sake ci daf da tashi, aka ce satar fage ce, hukuncin da har yau ake saɓani a kansa.

Akasarin Jamusawa a rediyo suka saurara, daga bakin Herbert Zimmermann, wanda muryarsa ta zama gadon ƙasa. A ganina, abin da suka samu ran nan ya fi kofi, shi ne izinin yin murna a bainar jama'a ba tare da an tuhume su ba. Amma tuhumar ba ta rasa dalili ba, domin a filin wasu 'yan kallo sun rera baitin farko na taken ƙasa, wanda aka daina amfani da shi a hukumance tun bayan mulkin Hitler. Daga baya kuma shawara ta kama wasu 'yan wasan Jamus, aka yi ta zargin alluran da aka yi musu.

A Budapest kuwa, babban birnin Hangari, jama'a suka fito tituna cikin fushi, kuma bayan tawayen 1956 ƙungiyar Hangari ta watse, Puskás ya yi hijira, ya ƙare a Real Madrid.