Yadda aka yi jinyar baƙin ciki da kiɗa



Akwai wani ciwo da ba shi da ƙurji, ba shi da masassara. Mutum ya bar cin tuwo, barci ya guje mashi, ya janye daga hira, ya shige ɗaki mako da makonni. Likitoci suna ce mashi ciwon damuwa. Da yawa cikinmu sun ga irinshi a masaukin ƴan ci-rani, a Yamai ko Abijan. Yau zan kawo muku tarihin wata hanyar jinyarshi, wato kiɗa.

Mu fara da ƙasar Turkiyya. A birnin Edirne, sarkin Turkawa Bayazid na biyu ya gina asibiti daga 1484 zuwa 1488, daura da masallaci da makarantar koyon magani. Tsakiyar babban ɗakin, ƙarƙashin ƙubba, an yi wurin da ruwa ke ɓulɓula, don ƙararshi ta kwantar da hankalin majinyata. Wani matafiyi, Awliya Calabi, ya je can a 1652. Ya rubuta cewa mawaƙa da makaɗa 10 suna zuwa kwana 3 kowane mako, suna yi wa masu ciwon rai da masu taɓin hankali kiɗa. Ginin yana nan, an maida shi gidan tarihi.

Turawa sun tsara abin daga baya. Lokacin yaƙin duniya na biyu, makaɗa sun riƙa shiga asibitocin Amurka wurin sojojin da suka dawo da firgici, likitoci kuma suka ga ana samun sauƙi. A 1944 aka buɗe karatun wannan jinya a Mishigan, a 1950 masu aikin suka kafa ƙungiyarsu. A 2017 masanan Cochrane suka haɗa bincike 9 da aka yi kan mutum 421. Suka tarar wanda aka haɗa mashi kiɗa da jinyar likita ya fi samun sauƙi cikin ƴan watanni bisa wanda aka yi wa jinyar kaɗai.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Kakanninmu a kwarin Maradi sun kai marar lafiya gaban mai goge. Ba bori nake kiran kowa ba, malamai sun faɗi nasu a kai. Amma ku duba waƙar niƙa, da gangar gayya mai sa gajiyayye ya sake ɗaukar kalme.

To, ga abin da na tsinta. A Edirne makaɗi bai kori likita ba, tare suka yi aiki, kuma ba a bar majinyaci shi kaɗai ba. In ɗan garinmu ya yi shiru a ci-rani, kada a ce raki ne. A zauna da shi, a sa mashi waƙar gida, a raka shi asibiti. In ya fara zancen mutuwa, kada a kwana ba a kai shi ba.

Allah shi ba mu lafiya, amin.