Rikicin Zaɓen Gama-Kai: Wa Ke Raba Gardama Tsakanin Jibiya Da Ɗan Isa?

Rubutunmu na wannan mako a bakin iyakar Jibiya ya tsaya.

Daga Magama zuwa Ɗan Isa ta jihar Maraɗi tafiya ce kaɗan. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, gero da wake iri ɗaya. Amma a ce yau ƙungiyar gama-kai ta manoma a kowane gefe ta yi zaɓen shugabanni, waɗanda suka faɗi suka ce ba su yarda ba, to hanyarsu ta rabu. Na gefenmu teburin Daraktan Ƙungiyoyin Gama-kai a Katsina za su fara nufa. Na wancan gefe kuwa, a takarda dai, ƙararsu na iya hawa daga kotunan Nijar har ta kai Abijan. Wannan rabuwa tana da tarihi.

Kakanninmu sun san gayya, sun san adashi, ba su jira Bature ya koya masu taimakon juna ba. Abin da Bature ya kawo shi ne rajista da kwamiti da zaɓe. Asalin tsarin daga garin Rocidel na Ingila yake, inda ma'aikata 28, da dama daga cikinsu masaƙa, suka buɗe kantinsu a 1844 bisa ƙa'idar kowane mamba ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗin da ya zuba. Sai dai ba kai tsaye ya iso mana ba, ta Indiya ya biyo. Gwamnatin mulkin mallaka ta gayyato C.F. Strickland, wanda ya yi aikin gama-kai a yankin Funjab, ya zagaya Najeriya ya miƙa rahoto a 1934, aka yi doka a 1935. A tsarin Indiya akwai wani jami'i da ake kira Rajistara. Shi ke yi wa ƙungiya rajista, shi ke binciken littattafanta, shi ke rusa ta in ta lalace, kuma shi ke raba gardama tsakanin mambobi da shugabanni. Wato ungozoma da likita da alƙali da mai wankan gawa, duk mutum ɗaya.

Da gangan aka yi haka. Hujjarsu ita ce manomi talaka ba shi da kuɗin lauya, kuma shari'a ɗaya ta isa ta cinye jarin ƙungiya kaf. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ita ce kuma ta sa tun daga tushe mai iko na ƙarshe a kan ƙungiya ya zama ma'aikacin gwamnati, ba mambobinta ba.

Farkon abin a ƙasar koko ya yi ƙarfi. Jihar Arewa sai a 1956 ta samu tata dokar, lokacin da gyaɗa da auduga ke tashe. Ƙungiyoyi suka shiga sayen amfanin gona a madadin Hukumar Ciniki, ana ba su bashi kafin damina su raba wa mambobi. A nan ne kujerar ciyaman ta fara maiƙo. Wanda ke riƙe da sikeli da jerin sunayen masu karɓar bashi ba ƙaramin mutum ba ne a ƙauye, kuma ba zai so babban taron shekara ya zo da sauri ba.

A ƙetaren iyaka gwamnatin Diori Hamani ta kafa UNCC a 1962, hukuma guda mai kula da bashi da gama-kai. Daga 1966 suka gwada wani sabon tsari wanda ya burge mu: ƙauye ne zai tsaya wa bashin 'ya'yansa, kuma manoma su zaɓi masu awon gyaɗa da masu rubutu daga cikinsu. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka jera ƙungiyoyin hawa-hawa daga ƙauye har Yamai, a 1984 aka rushe UNCC aka kafa UNC. A irin wannan tsari da hukuma ke sama tana kallo, wanda ya faɗi zaɓe ba alƙali yake nema ba, wanda ya san babban jami'i yake nema. Sauyi ya zo da dokar 1996 da ta sakar wa ƙungiyoyi mara, sannan a ranar 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome, ƙasashen OHADA suka amince da doka ɗaya ta gama-kai. Nijar na cikinsu. Dokar ta raba ƙungiyoyi gida biyu, ƙarama mai farawa da mutum 5 da babba mai farawa da mutum 15, kowace da kwamitin sa-ido da aka ware daga masu gudanarwa. Kotun da ke da maganar ƙarshe a kan fassarar dokokin OHADA ita ce ta Abijan ɗin nan. Ko manomin Madarumfa na da kuɗin motar zuwa can, wannan wata magana ce daban.

Mu kuwa a nan, an rushe hukumomin ciniki a 1986, amma ba a rushe kujerar Rajistara ba. Dokar ƙasa ta 1993 suna kawai ta sauya masa, ya koma Darakta. Mutum 10 sun isa su yi rajistar ƙungiya, kowa ƙuri'a ɗaya, kuma ba wanda zai mallaki sama da kashi ɗaya cikin biyar na jari. Sashe na 49 ya ce rikicin da ya shafi harkar ƙungiya a kai shi gaban Darakta, ko ya yanke da kansa ko ya naɗa mai sasanci. Shi ya sa wanda ya ruga babbar kotu da zafin faɗuwa zaɓe, abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara tambaya shi ne: ka je wajen Darakta tukuna? Kafin a gama wannan muhawara kaɗai damina ta wuce.

Kuma damina ita ce maganar. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwamba 2015, wanda ya ce sai manoma sun haɗu rukuni-rukuni, sa hannun ciyaman da sakatare ya koma ƙofar taki da iri da injin ban-ruwa. In aka samu shugabanni biyu, banki kan dakatar da asusu har a daidaita. Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Jibiya, wanda bai tsaya takarar komai ba, shi zai sayi taki da tsada a kasuwa. In kuka tone irin wannan rikici, da wuya ku tarar a kan ƙirga ƙuri'a aka saɓa. A littafin mambobi ake saɓawa: wa ya biya kuɗin wata, wa aka cusa sunansa ana jibi zaɓe, wa aka aika wa takardar gayyata, yaushe wa'adi ya ƙare.

Maganar wa'adi ce ma ta raba kan ƙungiyar manoma ta ƙasa, AFAN. A Maris 2022 Mai Shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa wa'adin Kabir Ibrahim, ɗan jiharmu, ya ƙare tun 2019, ya tabbatar da Faruk Rabi'u Mudi a kujerar. Hukuncin bai kashe wutar nan take ba, ɓangarorin biyu suka ci gaba da ja. Amma ku lura, AFAN a Hukumar Rajistar Kamfanoni take da rajista, ba a ofishin Darakta ba, shi ya sa ta samu shiga kotu kai tsaye, jaridu suka ɗauka, kowa ya ji.

Abin da Darakta ko mai sasanci ya yanke kuwa ba a buga shi a littattafan hukunce-hukunce. A fayil yake kwana. 'Yan uwanmu ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga ofishin nan a Katsina, ku rubuta takardar neman izini ku je ku nemi a buɗe maku tsofaffin fayilolin ƙungiyoyin Jibiya.