Rainon Yaro Mai Cutar Daskarewar Majina a Karkarar Ayalan: Nazari kan Ɗawainiyar Iyaye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da iyalan karkara a ƙasar Ayalan suke ciki wajen kula da yara masu cutar daskarewar majina, wato sistik faiburosis. An bi hanyar nazarin abin da ilimin likitanci ya tabbatar. Matsayar maƙalar ita ce, mafi yawan jinyar a gida ake yin ta, kuma gidan manomi yana da haɗurran da ba a samu a birni.

Gabatarwa

Likita Dorothy Andersen ce ta fayyace cutar a 1938, sannan a 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, CFTR. Gadonta irin na sikila ne: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Majina takan yi kauri ta toshe huhu da fankiriyas, gumin yaron kuma ya cika gishiri. An zaɓi Ayalan ne domin tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Kusan mutum ɗaya cikin 19 a ƙasar yana ɗauke da ƙwayar. Tun 2011 ake gwada jariran ƙasar da zarar an haife su.

Nisa da Muhalli

Manyan cibiyoyin ƙwararru suna birane irin su Dublin, Cork, Limerick da Galway, kuma bisa ƙa'ida ana duba yaro kusan duk bayan wata uku. Ga mai kiwon shanun madara, yini guda a hanya yana nufin neman wanda zai yi masa tatsa safe da yamma.

Amma nisa ba shi ne babban abin ba. Kullum sai an shaƙa wa yaro magani, an bubbuga ƙirjinsa ko an sa shi atisayen numfashi, an ba shi ƙwayoyin narkar da abinci a duk cin da zai yi, an wanke na'urar shaƙa an busar. Babu hutu. Sannan ga gonar kanta: ƙwayar cutar Pseudomonas tana zama a ruwan kwance da ƙasa mai damshi, fumfunar Aspergillus kuma tana yaɗuwa a ruɓaɓɓiyar ciyawa da taki. Ke nan inda abincin gidan yake fitowa, nan ne haɗarin huhun ɗansu yake. Hana yaro shiga garke gaba ɗaya zalunci ne a ganinmu. Abin da ya dace shi ne a ware masa ayyukan da zai guje wa, kamar kwashe taki.

Akwai kuma kaɗaici. Ba a son masu cutar su kusanci juna, gudun musayar ƙwayoyin cuta, don haka iyalai biyu masu damuwa ɗaya ba sa iya haɗa 'ya'yansu.

Kammalawa

Magungunan Kalydeco da Kaftrio sun sauƙaƙa wa yara da yawa, sai dai ba kowane nau'in cutar suke yi wa aiki ba. Ganin likita ta bidiyo da auna numfashi a gida, waɗanda suka bunƙasa lokacin annobar korona, sun cancanci ɗorewa. Muna kira ga cibiyoyin jinya da su riƙa tura ma'aikata har gona, domin shawarar da aka bayar ba tare da ganin garke da rumbun ciyawa ba ragaggiya ce.