Tsibirin Da Kowane Baƙo Ya Bar Wa Harshe Gado

Ɗalibin da ya fara karatun adabin Ingilishi yakan ci karo da abubuwa biyu masu ɗaure kai. Beowulf, tsohuwar waƙar da Ingila ke tinƙaho da ita, ba a Ingila labarinta ya faru ba, a Denmark ne da kudancin Sweden. Shi kuma Sarki Arthur, wanda marubutan Ingilishi suka daɗe suna wasawa, a labarinsa kakannin Ingilishi ya yaƙa. Tarihin tsibirin Birtaniya ne ke kwance wannan ƙulli.

Mutanen da Rumawa suka tarar a tsibirin al'ummar Kelt ne, masu magana da harshen da ya haifi yaren Wales na yau. Sarkin Rum Claudius ya ci ƙasar da yaƙi a shekara ta 43 miladiyya, Hadrian ya sa aka gina ganuwa a arewa daga 122, kuma wajen 410 mulkin Rum ya ƙare a can.

Sai ga ƙabilun Angul, Saksan da Jut sun ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmark. Daga sunan Angul aka samo "Ingila". Da tatsuniyoyin gidansu suka zo, shi ya sa Beowulf ke waiwayen tsallaken teku. 'Yan ƙasa kuwa suka ja da baya zuwa yamma, baƙin suka riƙa kiransu da wata kalma mai nufin "baƙi", wadda ta zama sunan Wales. A bakin waɗannan da aka kora labarin Arthur ya tsiro, kafin Geoffrey na Monmouth ya yaɗa shi da Latin a ƙarni na 12.

Rubutun littafi ya bunƙasa ne da addinin Kirista. Augustine ya sauka a Kent a 597, malami Bede ya kammala tarihinsa a 731. Masu bautar coci ne ke kwafar littattafai, don haka abin da ba su rubuta ba yawanci ya ɓace. Ita kanta Beowulf kwafi ɗaya tal ya rage, shi ma ya sha da ƙyar daga gobarar 1731.

A 793 mahara daga arewa, Vikings, suka afka wa Lindisfarne. Sarki Alfred ya ci su a Edington a 878, ya kuma sa aka fassara littattafan Latin zuwa Ingilishi. Duk da haka maharan sun zauna, sun bar kalmomi irin su "sky", "egg" da "they".

A 1066 William na Normandy ya yi nasara a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Talaka na kiwon "cow" da "sheep", basarake na cin "beef" da "mutton". Mai rubuta manhaja ya san irin wannan: an ɗora sabo, amma tsohon na nan a ƙasa yana aiki.

Lokacin da Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya rubuta The Canterbury Tales, wannan gaurayen ne ya zama Ingilishinsa. Don haka idan ka buɗe tsohon littafinsu, fara da tambayar wa ke mulki a lokacin, da wane harshe, kuma muryar wa aka bari a waje.