Agogon Wa Ake Dubawa? Miƙewar Lokaci da Kwanaki Shida na Halitta: Nazari daga Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar ta auna wata hujja da ta samu karɓuwa a bakin 'yan boko masu sha'awar tafsiri, wato cewa miƙewar lokaci da Albert Einstein ya bayyana ita ce ke daidaita kwanaki shida na halittar sammai da ƙasa da shekaru biliyan 13.8 da masana sararin samaniya suka ƙiyasta. An bi lissafin hujjar, an kuma gwada ta da tafsiran da ake karantawa a ƙasar Kano. Lissafin bai fita ba. Abin da ya fi wannan nauyi, hujjar ba ta tsayuwa sai da agogo mai wuri da gudu, kuma littattafan tauhidi na zaurukanmu sun kore wa Mahalicci duka biyun.

1. Gabatarwa

Babu jayayya a kan cewa agogo biyu masu inganci ɗaya kan saɓa idan gudunsu ya bambanta, ko ɗaya ya fi ɗaya nutsewa cikin janyowar ƙasa. Einstein ya kafa ɓangaren gudu a 1905, ya cika na janyowa a 1915. A 1971 Hafele da Keating suka ɗora agogunan atam a jiragen fasinja suka zagaya duniya, sau ɗaya gabas, sau ɗaya yamma, agogunan suka dawo da saɓanin da lissafi ya riga ya faɗa. Shaida mafi kusa da mu tana hannun malamin gona da ke auna filin shinkafa da na'urar GPS a shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwan madatsar Tiga ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Agogunan taurarin ɗan'adam da yake dogaro da su, a nisan kilomita 20,200, suna rige na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana: raunin janyowa can sama ya ba su 45, gudunsu ya ƙwace 7. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren awo ya riƙa taruwa har wajen kilomita 10 a rana.

Daga wannan gaskiya ake yin tsalle zuwa wata magana dabam. Ana jin ta a ajin fiziks na sakandare, a hirar bayan tafsirin azumi, da saƙonnin WhatsApp: tunda lokaci yana miƙewa, to kwana shida "a can" su ne biliyoyin shekaru "a nan". Tambayar wannan maƙala ita ce, ina ne can ɗin?

2. Bitar ayyukan da suka gabata

Malaman tafsiri na farko ba su haɗu a kan tsawon kwanakin ba. Ibn Kasir ya kawo ra'ayi biyu a Suratul A'arafi aya ta 54: ko dai kwanaki irin namu, ko kowanne shekara dubu, kamar yadda aka ruwaito daga Mujahid da Imam Ahmad. Jalalaini, wanda shi ne ginshiƙin tafsirin azumi a masallatanmu, ya ɗauke su a matsayin gwargwadon kwanakin duniya, ya kuma lura cewa a lokacin babu rana. Ya ƙara da cewa Allah mai iko ne ya yi halittar cikin ƙiftawar ido, an bi ta daki-daki ne don a koya wa bayi natsuwa. Maurice Bucaille, a littafinsa na 1976, ya zaɓi fassarar zanguna masu tsawo, amma bai jingina ta da Einstein ba.

Wanda ya jingina ta sosai shi ne Gerald Schroeder, Bayahude masanin fiziks da ya yi karatu a MIT, a littattafansa na 1990 da 1997, kuma a kan kwanakin Attaura yake magana. Masu maimaita hujjar a Hausa galibi ba sa ambaton sunansa, amma ginin nasa ne. Ya ce sararin halitta ya faɗaɗa ninki miliyan sau miliyan tun daga lokacin da ƙwayoyin kwak suka dunƙule, ƙasa da daƙiƙa ɗaya bayan farkon faɗaɗawar. A ninka kwana shida da wannan adadi, sai a sami shekaru wajen biliyan 16, abin da ya yi kusa da ƙiyasin zamaninsa. Russell Humphreys, a 1994, ya bi hanya ta kishiya don kare karatun wasu Kiristocin Amurka: ya ajiye duniyarmu cikin zurfin janyowa ta yadda kwana shida za su wuce a nan, biliyoyin shekaru a can nesa. Nazariyya ɗaya ta ba mutum biyu amsoshi masu cin karo, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya tsaya ya duba. A ɓangaren Musulmi, Nidhal Guessoum ya soki wannan salo gaba ɗayansa a 2011, kamar yadda Shaɗibi ya yi gargaɗi a Muwafaƙat ƙarnoni kafin haka.

3. Hanyar bincike

An tattara ayoyin kwanaki shida guda bakwai da ayoyi uku masu kwatanta yini da shekaru, aka fitar da ninkin da kowace ke buƙata, aka gwada shi da ƙa'idojin Einstein. An yi amfani da shekarar wata mai kwana 354.

4. Sakamako

4.1 Ninki uku, babu biyu da suka haɗu

Hajji 47 da Sajada 5 sun kwatanta yini da shekara 1,000, ninkinsa wajen 354,000. Ma'arij 4 ta kawo shekara 50,000, ninkinsa wajen miliyan 17.7. Mayar da kwana shida shekaru biliyan 13.8 kuwa yana neman ninki biliyan 840. Da na farko halitta ta ɗauki shekara 6,000, da na biyu 300,000. Ko wanne ya yi nesa da inda ake son zuwa. Gaskiya ne ayar Sajada tana biye da ayar kwanaki shida kai tsaye, amma Jalalaini ya kai maganarta, da ta Ma'arij, zuwa ranar alƙiyama.

4.2 Agogon da babu shi

A nazariyyar Einstein babu wani lokaci da ke rataye a sarari. Kowane agogo yana ƙirga tsawon hanyar da shi kansa ya bi. Manomin shirin noman rani na Kogin Kano ya san cewa magudana biyu kan tashi daga bakin ƙofar ruwa ɗaya su haɗu a gona ɗaya, amma tsawonsu ya bambanta, kuma ba a tambayar tsawon magudanar da ba a haƙa ba. Duk wanda ya ce lokaci ya miƙe, wajibi ne ya nuna agogo biyu, ya faɗi inda kowanne yake da irin gudunsa.

A gwada da namu. Yankin Kura da Bunkure yana kusan mita 500 bisa teku. Agogon da ke nan yana rige na bakin teku a Legas da kashi 4 zuwa 5 cikin biliyan na daƙiƙa a rana. Da a ce an ajiye su biyun tun samuwar duniya, shekaru biliyan 4.54 da suka wuce, da tazararsu wajen awa biyu ce kawai. Wannan ita ce miƙewar lokaci da ke da suna da adireshi. Don a kai ninki 354,000 ta hanyar gudu, sai agogo ya yi kashi 99.9999999996 cikin ɗari na gudun haske. Ƙwayoyin da ake korawa a injin CERN na Siwizalan, duk da wutar da ake zuba musu, ninkinsu wajen 7,000 ne. Lissafi bai hana a zarce haka ba, sai dai dole abin da ke gudun ya zama jiki ne mai nauyi, mai tashi daga wani wuri zuwa wani.

Schroeder ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar jingina da faɗaɗar sarari, amma a nan ne ya fi zamewa. Miƙewar zangon haske tana canza yadda saƙo ke iso mana ne, ba ta taɓa ƙirgen agogon da ya aiko shi. Agogon da aka kunna a farkon halitta, aka bar shi yana tafiya tare da faɗaɗar sarari, yau zai nuna shekaru biliyan 13.8, a ko'ina yake. Kwana shida bayan dunƙulewar kwak, shekarun halitta kwana shida ne cif, babu tauraro ko ɗaya balle ƙasa. Sannan wa ya ce a fara ƙirge daga can? Idan aka fara daga lokacin da hasken farko ya kuɓuta, shekara 380,000 bayan farawa, wanda Penzias da Wilson suka tsinkayi saurarsa a 1965, ninkin 1,100 ne kacal, kwana shida su zama shekara 18. Amsar tana bin mafarin da aka zaɓa, mafarin kuma an zaɓe shi ne bayan an san amsar da ake nema.

Nan ne maganar ta bar hannun malamin fiziks ta koma zaure. Idan aka ce kwanakin na "ma'aunin Allah" ne a ma'anar Einstein, to an ba shi matsayi a cikin sarari, da gudu ko zurfin janyowa, da agogon da ke ƙirga masa shuɗewa. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san cewa saɓa wa fararru na cikin sifofin wajibi, kuma littafin ya jera ƙayyaduwa da wuri ko zamani cikin abubuwan da suka koru ga Allah. Mai hujjar ya shigo don ya kare aya, ya fita ya bar aƙida a baya ba tare da ya lura ba. Idan kuma ya ja da baya ya ce agogon wani mala'ika ne ko wata halitta, to babu nassin da ya faɗi gudunsa, babu na'urar da ta auna shi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne tsohuwar maganar cewa Allah ne masanin tsawon kwanakin, wadda malamai suka faɗa tun babu Einstein, kuma ba ta neman taimakonsa.

Akwai wata 'yar hujja da ake ɗorawa: Fussilat 9 ta ba ƙasa kwana biyu cikin shida, shekarun duniya kuma kusan sulusin na sararin halitta ne. Adadin ya yi kusa, ba a musu. Amma kwana biyun na tsawon aikin halittarta ne, biliyan 4.54 kuwa na zamanin da ya shuɗe ne bayan ta samu. An gwama abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba.

5. Iyakokin bincike

Za a ce binciken na tebur ne, bai ƙidaya yawan malaman Kura da Bunkure da ke riƙe da wannan ra'ayi ba. Haka ne, kodayake yawan masu faɗin lissafi ba ya gyara shi. Za a ce an dogara da tauhidin Ash'ariyya, alhali wasu malaman Kano na bin wata hanya a ayoyin sifofi. To, su ma ba su yarda Mahalicci ya shiga ƙarƙashin dokokin halittarsa ba, don haka sakamakon bai motsa ba. Adadin biliyan 13.8 kansa na iya gusawa kaɗan, ganin saɓanin da ake ciki kan saurin faɗaɗar sarari, amma giɓin da ke tsakaninsa da shekara 300,000 ya fi ninki dubu arba'in. Ba a taɓa Liya'ut Ta'awili na Abdullahi ɗan Fodiyo da tarjamar Shaihu Abubakar Gumi da tafsirin Shaihu Nasiru Kabara ba. Bin ayoyin nan goma a cikinsu aiki ne mai zaman kansa.